Karatun Likita da Lauya a Amurka: Abin da Iyaye Ya Kamata Su Sani

A nan gida, yaro ya gama sakandare, ya ci JAMB, sai ya shiga ajin likitanci a Zariya ko Kano, shekara 6 ya fito da MBBS. Mai son lauya ya yi shekara 5, ya ƙara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko wani reshenta. Da wannan lissafin iyaye da yawa ke zuwa wurina da murna, ɗansu ya sami gurbi a Amurka, "zai karanta likitanci". Nakan ji nauyin faɗa musu gaskiya, amma dole ne: a can, galibi ba a shiga makarantar likita ko ta lauya sai da digirin farko a hannu.

Tsarin ya daɗe. Makarantar likitanci ta Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1893, ta sharɗanta digiri kafin shiga, kuma rahoton Abraham Flexner na 1910 ya sa sauran makarantu suka riƙa tsaurara sharuɗɗansu. Yau ɗalibi zai yi shekara 4 na digirin farko, ya ƙara 4 a makarantar likita, sannan horon asibiti na aƙalla shekara 3. Lauya kuwa shekara 3 ce bayan digiri.

Waɗancan shekaru huɗu na farko su ne filin daga. Babu wani digiri na musamman da aka ce sai shi. Yarinya na iya karanta tarihi ko kiɗa ta nemi likitanci, muddin ta ɗauki darussan da ake buƙata: ilimin halittu, kimiyyar sinadarai kashi biyu, fizis, duka da aikin ɗakin gwaje-gwaje, galibi har da lissafi da Turanci. Sai jarrabawar MCAT, ta kusan awa bakwai da rabi, makinta daga 472 zuwa 528. Kuma maki kaɗai ba ya isa. Ana so a ga ta bi likita tana kallon aikinsa, ta yi aikin sa kai tsakanin marasa lafiya, malamai sun san ta har za su rubuta mata shaida. Mai neman lauya nasa ya fi sauƙin faɗa: Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ba ta fifita wani fanni ba, karatu mai zurfi da iya rubutu take so, sai jarrabawar LSAT mai maki 120 zuwa 180.

Saboda wannan sarƙaƙiya jami'o'i da yawa ke da ofishin masu ba da shawara kan waɗannan sana'o'i. Su ke tsara wa ɗalibi wane darasi zai ɗauka a wane zango, don kada ya tara masu wuya a lokaci guda makinsa ya zube. Su ke tuna masa cewa ana fara aika takardun neman likitanci tun wajen watan Yuni, fiye da shekara guda kafin shiga aji, kuma wanda ya makara yakan tarar an raba gurabe da yawa. A wasu jami'o'in kwamitinsu ne ke rubuta wasiƙa ɗaya a madadin makarantar. Abin da ke damuna shi ne yaranmu ba sa zuwa ofishin nan da wuri. Mun taso su da kunyar malami, suna ganin ƙwanƙwasa ƙofarsa rashin ladabi ne, sai a shekarar ƙarshe su je, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai ba da shawara ba zai iya yi wa baƙon fuska shaida mai ƙarfi ba.

Akwai kuma katangar da ba a cika faɗa ba. Yawancin makarantun likitancin Amurka ba sa ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da takardar zama ta dindindin. Masu ɗauka kaɗan ne, baƙo ba ya samun rancen karatu na gwamnatin tarayya, wasu makarantun ma sai an nuna kuɗin karatun a ajiye kafin a shiga. Makarantun lauya sun fi buɗe ƙofa, sai dai tsadar tana nan.

Shi ya sa shawarata ga mafi yawan iyalai ita ce: in likita yaro ke so da gaske, ya yi MBBS ɗinsa a gida. In ya so aiki a Amurka daga baya, akwai jarrabawar USMLE da likitocinmu da dama suka bi. Lauyan da ya gama a nan kuma yana iya yin digiri na biyu na shekara guda a can, wanda jihar New York ke karɓa daga mutane da yawa don zama jarrabawar lauyoyinta. Wanda kuwa ɗansa ya riga ya tafi, ya kira shi yau ya tambaye shi ko ya je ofishin masu ba da shawara. In bai je ba, ya je cikin makon nan.