Abin Da Ke Sa Kwamfuta Daskarewa Idan An Jona Mata Wayar Sadarwa

Mutum zai taso daga ƙauye ya zo Anka, Gummi ko Bukkuyum don rajistar katin ɗan ƙasa, ya yini a layi, sai a ce masa kwamfuta ta daskare, ya dawo gobe. Sau da yawa akan zargi cutar kwamfuta, har a share duk abin da ke cikinta. Alhali wani lokaci ciwon yana bakin ƙofa ne, wato inda wayar sadarwa take shiga.

Kwamfuta ba ta aika saƙo a dunƙule. Takan raba shi ƙunshi-ƙunshi, kamar yadda ake ɗura gero a buhuna kafin a yi lodi. Ma'aunin ƙunshi shi ne bayit, kimanin harafi ɗaya ke nan. A wayar ofis, ƙunshi ba ya wuce bayit 1,500 bisa al'ada. Iyakarsa a tsohuwar ƙa'idar intanet kuwa 65,535 ne.

A shekarar 1996 aka gano cewa ana iya aiko ƙunshin da ya zarce wannan iyaka, a gutsure. Da kwamfuta ta harhaɗa gutsattsarin, sai su fi ƙarfin wurin da ta tanada, su malala kan wasu bayanai, ta tsaya cik. Wannan ya kayar da kwamfutoci masu Windows 95 da wasu irinsu, kafin kamfanoni su toshe ɓarakar.

Yau matsalar ta fi zuwa ba da mugun nufi ba. Wasu na'urori suna aika manyan ƙunsa masu bayit 9,000 don sauri. In katin sadarwa ya lalace, ko manhajar da ke tuƙa shi tana da aibi, babban ƙunshi yana iya kayar da kwamfutar.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A zare wayar, a yi aiki yini guda. In daskarewar ta daina, an san inda za a duba. Sai a kashe tsarin manyan ƙunsa a koma 1,500, a sabunta manhajar katin. Sauya waya ba laifi, amma lalatacciyar waya ta fi yanke sadarwa, da wuya ta kayar da kwamfuta. In duk bai yi ba, a kashe katin cikin, a jona sabo ta ramin USB.