Gobe Ta Allah Ce: Kirista Da Fargabar Abin Da Ke Tafe

A cikin shekarun da na shafe ina koyar da nahawun Hausa a jami'a, babu darasin da nake jin daɗinsa kamar na lokaci na gaba. Hausa tana da hanya biyu ta yin maganar abin da bai riga ya faru ba. Akwai ta farko, inda mutum zai ce "za mu gani", akwai kuma ta biyu, inda zai ja wasali ya sauke murya ya ce "ma gani". Masana harshe sun nuna cewa wannan "za" daga aikatau na tafiya ta samo asali, shi ne wanda muke ji a cikin "ina za ka?" Ke nan idan Bahaushe ya yi maganar gobe, tafiya ce yake nufi. Hanya ta biyu kuwa ba ta kai ta farko ƙarfin tabbaci ba, domin mai faɗinta yakan bar wa kansa ƙofa. Sannan duk wadda mutum ya ɗauka a cikin biyun, da zarar ya ce "sai gobe", amsar da zai samu ita ce "Allah Ya kai mu."

Abin da ya sa na tuno da wannan darasi shi ne, a 'yan shekarun nan na lura cewa "ma gani" ta fi "za mu" yawa a bakin abokan aikina, har da ni kaina. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba tare da albashi ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, kuma Naira, wadda ake canzar da ita wajen 460 a kan Dala ɗaya a kasuwar hukuma a farkon wannan shekara, ta haura 1,500 a cikin 2024. Ga matsalar masu garkuwa da mutane, wadda ta sa magidanci kan yi lissafi sau biyu kafin ya kama hanyar garinsu. Ni da ke wannan rubutu na sha farkawa da ƙarfe biyun dare ina lissafin kuɗin makarantar yara, in tashi da asuba lissafin bai fita ba.

Ni Kirista ne, don haka ta wannan ɓangare zan yi magana. 'Yan'uwana Musulmi suna da koyarwa mai zurfi a kan tawakkali, suna kuma da malaman da suka fi ni cancantar bayyana ta. Nawa dai shi ne in faɗi abin da Kirista ke riƙewa idan fargaba ta taso, wato imanin cewa Allah ba Ya canzawa, da kuma abin da wannan imani yake nufi da wanda ba ya nufi.

Bari in fara daga sana'ata. Kalmomin amana da aminci da imani da amin, waɗanda muka aro daga Larabci, duk saiwarsu ɗaya ce mai baƙaƙe uku. Wannan saiwa tana nan a Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, domin shi da Larabci dangin juna ne. Daga cikinta Ibrananci ya fitar da kalmarsa ta gaskiya, da ta aminci, da ta ba da gaskiya, da kuma amin ɗin da ake rufe addu'a da ita a majami'a da masallaci. Ma'anarta ta asali ita ce kafuwa, wato abu ya tsaya daram yadda za a iya jingina da shi. Saboda haka idan Littafi Mai Tsarki ya kira Allah mai aminci, yana nufin Wanda in ka jingina da Shi ba zai goce ba, shi kuwa imani shi ne jinginar kanta. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin jingina yana ga abin da aka jingina da shi. Mai rauni da ya jingina da dutse ya fi ƙaƙƙarfan da ya jingina da zana kwanciyar hankali.

Annabi Ishaya ya yi amfani da wannan saiwa a wani lokaci na firgici. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, sarakunan Suriya da Isra'ila sun haɗa kai don su yaƙi Urushalima, sai Sarki Ahaz da jama'arsa suka kaɗu ƙwarai. A sura ta bakwai ta littafinsa, Ishaya ya jera wa sarkin siga biyu na wannan saiwa a cikin jimla guda, ɗaya mai nufin ba da gaskiya, ɗaya mai nufin kafuwa, don ya nuna masa cewa in ya rasa ta farkon, ta biyun ma ba zai samu ba. Ahaz bai saurara ba. Ya kwashi azurfa da zinariya daga Haikali ya aika wa sarkin Assuriya don neman ɗauki. Ɗaukin ya zo, amma ƙasarsa ta koma mai biyan gandu ga wanda ya cece ta. Haka tsoro yake yi wa mutum: yakan sa ya sayar da abin da bai kamata a sayar ba, don ya sayi kwanciyar hankalin kwana biyu. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar ƙarya saboda fargabar ranar ritaya bai yi nisa da Ahaz ba.

Wani abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, wuraren da Littafi Mai Tsarki ya fi jaddada rashin canzawar Allah kusan duk a cikin wahala aka rubuta su. Annabi Malakai ya yi maganar ne ga mutanen da suka dawo daga bautar talala a Babila, suka tarar da rayuwa ba ta zama yadda suka yi zato ba, har suna cewa bauta wa Allah ba ta da riba. Wasiƙar Ibraniyawa, wadda ta ce Yesu Almasihu bai sāke ba kuma ba zai sāke ba, an aika ta ne ga masu bi da aka taɓa ƙwace wa dukiya, kuma shugabannin da suka fara koya musu sun riga sun shuɗe. Littafin Makoki kuwa kukan rushewar Urushalima ne a hannun Nebukadnezzar, wajen shekara ta 586 kafin Almasihu. Marubucin ya tsara huɗu daga cikin surorinsa biyar bisa jerin baƙaƙen Ibrananci 22, kamar mai son ya ƙidaya baƙin cikinsa daga farkon abjadi zuwa ƙarshe, kuma a sura ta uku, tsakiyar littafin, ya tsaya ya shaida cewa jinƙan Allah bai ƙare ba, amincinSa yana nan. A kan kango ya faɗi haka, ba a cikin daula ba.

Ban fahimci wannan sosai ba sai a 2014. A ƙarshen Oktoban wannan shekara mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, suka kuma mamaye Kwarhi, hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, cocin da akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu suka fito daga cikinta. Mahaifiyata tana ƙauyenmu da ke wannan yanki. Kwana uku wayarta ba ta shiga, ni kuwa ina shiga aji in fito ban san abin da na koyar ba. Da ƙafa suka ratsa daji ita da maƙwabta, Kirista da Musulmi, kafin su sami motar da ta kai su Yola. Da na same ta, ƙafafunta sun kumbura, ba ta da komai sai zanen Zumuntar Mata da ke jikinta da Littafi Mai Tsarki na Hausa a ƙulle cikin ɗankwali. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, yanzu yaya za mu yi?" Ta dube ni ta ce, "Ɗana, a ƙauyen nan na ga fari, na ga annoba, na binne mahaifinka. Allahn da Ya raka ni cikin waɗannan duka, ka ji labarin Ya tsufa ne?" Kafin in sami abin cewa sai ta ƙara da cewa in fara nema mata irin gyaɗa, domin damina ba za ta jira kowa ba.

To, a nan dole a yi hattara, domin akwai masu juya wannan koyarwa ta koma abin da ba ita ba. Kowane daren 31 ga Disamba ana samun masu wa'azin da ke yi wa jama'a alkawarin cewa a sabuwar shekara babu cuta, babu asara, sai ɗaukaka. Rashin canzawar Allah bai ɗauki wannan alkawari ba. Cikin waɗanda suka gudu tare da mahaifiyata akwai waɗanda ba su kai Yola ba, kuma imaninsu bai gaza nata ba. Abin da Kirista ya dogara a kai shi ne halin Allah: cewa adalcinSa da jinƙanSa da alkawarinSa na kasancewa tare da masu dogara gare Shi ba sa hawa da sauka kamar farashin kasuwa, kuma mutuwa kanta ba ta warware su. Wanda ya ɗora imaninsa a kan cewa gobe za ta yi daɗi, ranar da ta ƙi daɗi imanin zai tafi tare da ita.

Wani zai ce, ashe ba a rubuta cewa Allah Ya fasa hallaka Nineba ba bayan Ya aiko Yunusa da gargaɗi? Haka ne, amma a duba ƙorafin Yunusa a sura ta huɗu. Cewa ya yi tun farko ya san Allah mai jinƙai ne, shi ya sa ma ya gudu. Mutanen Nineba ne suka canza, suka tuba, sai suka tarar da jinƙan da dama yana nan. Wannan ya nuna cewa rashin canzawar Allah ba irin ta dutsen da ba ya ji ba ya gani ba ce. Yana ji, Yana amsawa, kuma kullum bisa halinSa Yake amsawa.

Wani kuma zai ce irin wannan dogaro shi ke sa mutanenmu naɗe hannu. Amsar tana wurin Annabi Irmiya. A lokacin da rundunar Babila ta kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare, ya sayi gona a garinsu Anatot a kan shekel 17 na azurfa, ya kira shaidu, ya sa aka adana takardun cinikin a cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Duk mai hankalin kasuwa zai ce wannan wauta ce. Shi kuwa ya yi haka ne domin ya gaskata cewa za a sake sayen gonaki a ƙasar. Irin gyaɗar mahaifiyata ke nan. Mai fargaba shi ne ke kasa shuka, ya kasa gyara, ya kasa faɗin gaskiya ga masu mulki, domin yana ganin komai ya riga ya lalace. Wanda hankalinsa ya kwanta a kan Allah yana da sararin yin tanadi da aiki da neman haƙƙinsa ta hanyar da ta dace.

Ekklesiyar da na ambata ta fara ne da sujada a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923. A 2014 shugabanninta sun yi gudun hijira zuwa Jos, amma sun koma Kwarhi, kuma a 2023 ta yi bikin cika shekara 100. Mahaifiyata ma ta koma ƙauye, ta tarar da ɗakinta babu rufi, ta shuka gyaɗarta. Ni kuwa har yanzu nakan farka da dare wani lokaci, lissafin kuma bai daina wuya ba. Sai dai na koyi in tashi in yi addu'a, in rubuta abin da zan iya yi da safe, in bar sauran ga Mai goben. Idan ɗalibaina suka ce mini "sai gobe, Malam", nakan amsa musu da "Allah Ya kai mu", kuma yanzu na san nauyin abin da nake faɗa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.