Karen Azawak da kewar mai shi

Karen Azawak, siririn karen nan mai dogayen ƙafafu da Buzaye da Fulani ke kiwo a arewacin Adar, wajajen Abalak da Cintabaradan, bai saba da kaɗaici ba. A daji yana tashi ne cikin mutane da garke da sauran karnuka, yana gadin bukka, yana bin kiwo. Yakan shaƙu da mutum guda ƙwarai, baƙo kuwa ba ya sake masa jiki.

Matsala na tasowa idan aka kawo shi birnin Tawa aka ɗaure a tsakar gida, ko mai shi ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya. Sai kare ya dinga kuka, yana tona gindin ƙofa, yana tauna igiya har dasashinsa ya yi jini. Wani ma ya ƙi tuwon da aka zuba masa. Tsoro ne ke jawo haka, duka kuwa ƙara shi yake yi.

Maganin shi ne sabo a hankali. Mai kare ya fita na minti 2 ya dawo, gobe ya ƙara kaɗan, ba sallama mai tsawo, ba rawar jiki in ya komo. Gudu da sanyin safiya na rage masa zumuɗi. A bar masa inuwa da ruwa da tsohuwar rigar mai shi ya kwanta a kai. Idan tafiyar mai nisa ce, wanda zai riƙe shi ya fara ba shi abinci makonni kafin ranar. In ƙin cin ya wuce kwana 2, a kai shi wurin likitan dabbobi, don ciwo ma na kawo haka.