Kula Da Motar Gas A Ƙasar Noman Rani

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano cikin watan Janairu ko Fabrairu, ya ratsa ƙasar Kumbotso, ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura, ba zai rasa ganin motoci jere ɗauke da kwandunan tumatir da buhunan albasa da na shinkafa ba. Ba kuma zai rasa ganin wata tsaye a gefen titi ba, an zuba ganye a bayanta, direba da yaron mota suna kwance ƙarƙashinta, mai kaya kuwa yana zaune a inuwa ya yi tagumi. Galibin waɗannan manyan motoci da man gas su ke aiki, watau wanda a ke kira dizal. Kula da su shi ne abin da mu ke so mu tattauna yau da masu karatunmu, gama lalacewar mota ɗaya a lokacin kaka ta kan cinye wahalar gidaje da yawa.

Asalin wannan arziki ruwa ne. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sa'an nan cikin 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka danƙa wa aikin. An tsara kashi na farko ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan da kansa ya ke gangarowa ta manyan hanyoyin da aka gina masa, ba ya bukatar inji ya tura shi. Amma sauran aikin duka na inji ne. Tantan ke huɗa, injin casa ke gyara shinkafa a Kura, mota ke kwashe tumatir daga kasuwar Kwanar Gafan ta kai shi Ikko, tafiyar kusan kilomita 1,000. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. In mota ta kwana biyu a hanya, abin da aka ɗauko a kwando sai a zubar da shi a juji.

Yadda Injin Ya Ke Aiki

Wanda ya ƙago wannan inji wani Bajamushe ne, sunansa Rudolf Diesel. An haife shi a birnin Faris cikin 1858, injinsa na farko mai aiki sosai ya tashi a garin Augsburg cikin 1897, shi kuwa ya rasu cikin 1913. Abin da zai ba Bakano sha'awa shi ne, a babban bajekolin duniya da aka yi a Faris cikin 1900 an nuna wani injin irin nasa yana aiki da man gyaɗa. Mota ƙarama ta shiga mai irin wannan inji kuwa, kamfanin Mercedes-Benz ya fito da ita kasuwa cikin 1936. A nan ƙasarmu, cikin shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa ma'aikatun haɗa manyan motoci, na Fiat a Kano, na Steyr a Bauchi, na Mercedes a Inugu. Daga hannun waɗanda suka yi aiki da motocin wancan zamani kanikawanmu da yawa suka gaji sana'arsu.

Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogi mai ba da wuta. Fistin ne ke matse iska zalla har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 ko cikin 20 na girmanta. Matsin nan ya kan sa ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sa'an nan famfo ya turo mai ta bakin nozil ya fesa shi kamar raɓa, sai ya kama da kansa. Saboda haka injin gas ya fi na fetur ƙarfin ja da tsimin mai da daɗewa. Amma fa sai an cika masa sharuɗɗa uku, watau iska mai tsabta, da mai mai tsabta, da ruwan da zai sanyaya shi. Ƙasar noman rani kuwa ta tara abokan gaban ukun nan wuri ɗaya.

Ƙura

Lokacin kwasar tumatir shi ne lokacin hunturu, hanyoyin da ke bin gefen ruwa zuwa gonaki kuwa na ƙasa ne. Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta gas sai ya shaƙi iskar da ta wuce lita 10,000. To, in matatar iska, wadda kanikawa ke kira filta, ta yage ko bakinta bai zauna daidai ba, duk ƙurar da ke cikin iskar nan ciki za ta shiga. Can za ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta yi ta cin fistin da zobbansa har inji ya soma shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu. In kuma matatar ta toshe, inji ya rasa numfashi, ya yi ta zubar da baƙin hayaƙi, mai yana ƙonewa a banza.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A cire matatar a kakkaɓe ta a hankali, a hura iska daga ciki zuwa waje, a ɗaga ta wajen rana a duba ko akwai huda. Kada a buga ta jikin taya, kada kuma a wanke ta takarda da ruwa. Tsofaffin tantan masu tukunyar mai a ƙarƙashin matata, a riƙa zubar da man nan a wanke laka a zuba sabo. Lokacin ƙura wannan aiki ne na kowace safiya.

Mai

Famfon gas da nozil su ne suka fi kome laushin aiki a jikin motar, su ne kuma suka fi tsada. Tsakanin ƙarafan da ke cikinsu ko gashin kai ba zai shiga ba, man gas ɗin kansa kuwa shi ne ke sa musu santsi. Motocin da aka soma ƙerawa daga 1997, masu fesa mai da taimakon kwamfuta, sun ma fi tsofaffin rashin haƙuri, gama matsin da su ke yi wa mai ya ninka na da sau da yawa. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya sa musu tsatsa, yashi kaɗan ya isa ya karce su.

Tsadar mai ta ƙara wannan haɗari. Cikin 2022 kuɗin lita ɗaya ta gas ya tashi daga wajen Naira 300 zuwa wajen Naira 800, kafin ƙarshen 2023 kuwa ya haura Naira 1,000. Da abu ya yi tsada sai masu algus su samu kasuwa, a gauraya shi da kalanzir ko da ƙazamin mai, a sayar a jarka a bakin hanya da ɗan rangwame. Kalanzir ba shi da santsin gas, saboda haka rangwamen da direba ya samu yau zai biya shi ninki-ba-ninki wajen mai gyaran famfo. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi mai a duro ya bar shi ya kwana ɗaya ko biyu datti ya kwanta, kada kuma ya zuƙo daga gindi. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, domin tankin da ya kwana rabi ya kan yi gumi da sanyin asuba, gumin nan kuwa ruwa ne. A riƙa tsiyaye ruwan da ya taru a ƙarƙashin matatar mai. Kada a bari mai ya ƙare ƙaf a hanya, gama iska za ta shiga bututu, motar ba za ta tashi ba sai an fitar da ita.

Ruwa Da Baƙin Mai

A inda ruwa ke gudu gefen kowace gona, abu mafi sauƙi ga yaron mota shi ne ya ɗebo guga ya juye a lagireto. Ruwan nan yana da laka, lakar kuwa ita ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto, har ranar da aka ɗauki kaya mai nauyi cikin zafin Afrilu inji ya tafasa, gaskit ya ƙone. A zuba ruwa mai tsabta tare da maganin hana tsatsa, a share ƙaiƙayi da ciyawar da ke manne a fuskar lagireto, a taɓa fanbel a ji ko ya saki. In inji ya yi zafi kada a buɗe murfin sai ya huce, gama tururin ya kan saɓule fatar mutum. Da damina kuma a yi hattara da ƙetare ruwa mai zurfi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga ta bakin shaƙar iska nan take ya ke lanƙwasa ƙarfen fistin.

Baƙin mai kuwa shi ne jinin inji. A duba shi kowace safiya, motar tana tsaye a wuri mai daidai, kafin a tayar da ita. A injin gas ya kan yi baƙi da wuri, saboda haka launinsa ba ya nuna lokacin juyewa. Abin bi shi ne lissafi. Littattafan masu ƙera motoci da yawa sun ce a ƙasa mai ƙura a juye bayan kilomita 5,000, tantan kuwa bayan awa 250 na aiki, a sake matata tare da shi. In aka ga ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, a tsaya nan take. Motar da ke da turbo, watau farfelar nan da hayaƙi ke juyawa don ta ƙara tura iska, a bar ta ta yi minti biyu tana aiki a tsaye kafin a kashe ta bayan doguwar tafiya.

Hayaƙin salansa ma yana ba da labari ga mai lura. Baƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta kasa. Shuɗi yana nufin baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari kuwa, in da sanyin safiya ne ya ɓace bayan ɗan lokaci, ba kome, amma in ya ƙi ɗaukewa, ko nozil ne ba ya fesawa daidai ko ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Ƙare-ƙaren Da A Ke Yi Wa Mota

Akwai mutane a Kano da kewayenta waɗanda sha'awar motar gas ta shiga ransu, ba su da hira sai tata. Za ka ga mutum ya riƙe tsohuwar Marsandi ko Hilux ko Land Rover shekara da shekaru, ranar hutu yana gareji, ko yana kasuwar Ƙofar Ruwa yana neman wani ƙarfe. Mun yaba musu, gama daga irinsu a ke koyon cewa mota ba ta tsufa sai an sake ta. Amma ƙare-ƙaren da a ke yi iri biyu ne. Mai amfani shi ne ƙara matatar mai ta biyu mai kwalbar da ke raba ruwa da mai, da ɗaga bututun shaƙar iska sama inda ƙura ba ta da kauri, da sa agogon da ke nuna zafin inji da ƙarfin baƙin mai in na asali ya mutu, da batir mai ƙarfi, gama tayar da injin gas da sanyi ba ƙaramin aiki ba ne.

Mai cutarwa kuwa shi ne buɗe famfo don mota ta ƙara gudu. Za ta ja ƙwarai na ɗan lokaci, amma rabin abin da aka ƙara hayaƙi zai zama, zafin kuma ya ci fistin. Haka nan cire ɗan makullin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, wanda kanikawa da yawa ke jefarwa da sunan ƙasarmu na da zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Mafi muni shi ne ƙara sifirin domin a ɗora kayan da ya wuce ƙima. Sifirin zai ɗauka, amma birki da taya na nan yadda aka ƙera su, rayukan da ke bisa kayan kuwa ba su da madadi.

Aikin Mai Alƙalami

Watakila malamin makaranta ko akawu ya ce ina ruwansa da wannan, shi da ba direba ba. Muna ganin ruwansa ne ƙwarai. Da yawa cikin ma'aikata sun sa kuɗin sallamarsu ko na adashi sun sayi Kanta ko tantan sun ba wani yana ja, waɗansu kuma su ke riƙe da littafin ƙungiyar manoma ta garinsu. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, motar hukuma ta kan yi tafiya da littafinta, a rubuta inda ta je da man da ta sha. Wannan ɗabi'a ita ce ta fi kome ƙaranci a garejinmu, ita ce kuma ta fi kome araha.

A sayi littafi ɗaya na 'yan makaranta a ajiye cikin mota. A rubuta ranar da aka juye baƙin mai da abin da agogo ya nuna, da ranar da aka sake kowace matata, da litar da aka sha da tafiyar da aka yi da ita. In motar da ta saba zuwa Zariya ta komo da awo kaza ta soma neman ƙari, littafin zai faɗa tun kafin kunne ya ji. Zai kuma raba gardama tsakanin mai mota da direba, wadda ta kashe amana a wurare da yawa. Babban gyara kuma a yi shi cikin Oktoba ko Nuwamba, kafin tumatir ya nuna, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna roƙon malamai su karanta wa direbobi da manoman garinsu wannan bayani, su kuma koya wa yaran mota yadda za su cika littafin da hannunsu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a kwashe amfanin bana lafiya, amin.