Man Keken Ɗinki da Taya Ba Su Jituwa

A gidajenmu da yawa akwai ɗan gwangwanin man nan da ake ɗiga wa keken ɗinki, da makulli, da sarƙar keken yara. Da yake yana kusa da hannu, mukan ga an shafa shi a gefen taya don ta yi ƙyalli, ko a bakinta don ta hau ƙarfen ƙafa da sauƙi. Wasu ma baƙin mai suke shafawa. Niyyar gyara ce, amma ɓarna ake yi.

Robar taya haɗi ce ta ƙaron itacen roba da wata roba da ake ƙerawa daga ɗanyen man fetur. Man gwangwanin nan shi ma daga nan aka tace shi. Saboda wannan dangantaka, roba tana shan sa sannu a hankali, kamar yadda busasshen wake ke shan ruwa. Dafa roba da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844, tana hana ta narkewa, amma ba ta hana ta kumbura. Sai ta yi laushi, ƙarfinta ya ragu. Haka kuma man yana wanke kakin da masana'anta ke sa wa taya don kare ta daga tsagewa, zafin bazara kuma ya ƙara wa abin sauri.

Kada robar da muke gani cikin inji tana wanka da mai ta ruɗe mu. Wannan iri ce dabam, wadda aka yi domin mai, ba da ita ake yin taya ba.

Haɗari mafi kusa kuwa shi ne santsi. Tayar babur mai maiƙo ba ta riƙe kwalta. Birkin keken da mai ya taɓa ba ya kamawa, alhali yaro na bisa. Tayar da aka shafa wa mai a baki tana iya zamewa a kan ƙarfe ta yage tib. Faci ma ba ya zama a kan maiƙo.

Saboda haka mu ɗiga wa sarƙa mai kaɗan, mu goge ragowar da tsumma. In ya zuba a taya, a wanke nan take da ruwa da sabulu. Ɗigon da aka wanke da wuri ba ya cutarwa. Wajen sa taya, ruwan sabulu ya wadatar. Wadda ta riga ta kumbura ko ta yi danƙo kuwa, a sauya ta kafin a ɗauki iyali. Allah ya kiyaye hanya.