Fayil ɗin hex da masu gyaran inbata a Khartoum da Omdurman

Tun da sojoji suka karɓe Khartoum a watan Maris na 2025 mutane ke komawa gida, sai dai wutar lantarki ba ta dawo yadda ake so ba. Jirage marasa matuƙa sun sha kai hari kan tashoshin wuta, har da na madatsar Merowe. Shi ya sa sola da inbata suka zama abin dogaro a unguwanni da dama na Khartoum da Omdurman. Idan inbata ta mutu, firji da famfon ruwa sun tsaya ke nan.

Wani lokaci ɗan ƙaramin cif ɗin da ke ba inbatar umarni ne ke ƙonewa. Sayo sabo ba ya wadatarwa, don sabon cif fanko yake zuwa. Dole mai gyara ya ɗura masa manhaja daga kwamfuta, kuma galibi manhajar tana zuwa ne a fayil ɗin da ake kira hex.

In ka buɗe shi, rubutu ne zalla: lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F, wato ƙirga mai tushe 16. Kamfanin Intel ne ya fito da tsarin a shekarun 1970, zamanin da ake ajiye manhaja a tef ɗin takarda mai huji. Kowane layi yana farawa da ɗigo biyu, sai adadin bayanan, sai adireshin da za su zauna a cikin cif, sai nau'in layin, sai bayanan kansu. Lamba ta ƙarshe ta tantancewa ce: in aka tara komai har da ita, dole haruffa biyun ƙarshen jimlar su zama 00. Layin rufewa kullum :00000001FF ne. Tara 01 da FF ka gani, 100 za ka samu. Kamfanin Motorola kuma yana da nasa tsarin, wanda layukansa ke farawa da S.

To ina wahalar? Adireshin haruffa huɗu ne kacal, ba ya wuce gurbi 65,536. Da cif suka girma sai aka ƙaro nau'o'in layi, irin su 04, masu nuna sashen gaba. Tsohuwar manhajar da ba ta san wannan ba tana iya ƙin fayil ɗin, wanda da sauƙi, ko ta rubuta sashe na biyu a kan na farko. Nan ne mai gyara zai rantse ya yi komai daidai, amma allo shiru.

Akwai masu kula da irin waɗannan ƙananan abubuwa ba tare da albashi ba. Peter Miller, ɗan Ostireliya, ya rubuta SRecord, tarin manhajoji na kyauta da ke karanta ire-iren waɗannan fayiloli, su juya wani zuwa wani, su kwatanta biyu. Ya rasu a 2014, Scott Finneran ya ci gaba da riƙon aikin. Aiki ne mara armashi: wani ya kawo ƙorafin fayil ɗin wani kamfani ya ƙi karantuwa, a bi layi-layi, a gyara, a tabbatar gyaran bai ɓata abin da ke aiki tun da ba. A ganina wannan ya fi ƙirƙirar sabuwar manhaja wuya.

'Yan Sudan sun san darajar abin da ke kyauta kuma a buɗe. Takunkumin Amurka na 1997 ya toshe musu manhajojin kamfanoni da yawa har zuwa Oktoban 2017. Kai, a Janairun 2010 SourceForge, inda SRecord ke zaune, ya rufe ƙofa ga Sudan da wasu ƙasashe huɗu, kafin ya sassauta bayan 'yan makonni. Wanda ya riga ya sauke tushen manhajar kuwa bai rasa komai ba.

Ga masu gyara: kafin ka taɓa allo mai rai, karanto abin da ke cikin cif ɗinsa ka adana, in dai kamfanin bai kulle shi ba, don da yawa suna kullewa. Rubuta samfurin allon a sunan fayil ɗin. Bayan ɗurawa, sake karantowa ka kwatanta da srec_cmp. Fayil ɗin da aka turo maka a WhatsApp, duba ko layin rufewar nan yana ƙarshensa.