Yadda kyamarar waya ke tona asalin tsohuwar jakar harsashi

Sojojin Najeriya da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi amfani da kayan sojan Birtaniya. Don haka wanda ya tsinci tsohuwar ɗamara ko jakar harsashi a akwatin kakansa, wataƙila tarihi ne a hannunsa.

Sirrin yana cikin murfin jakar, inda masana'anta ke buga tambari da tawada. Hoton kan kibiya na nufin mallakar gwamnatin Birtaniya ce. Idan kibiyar na cikin harafin C, ta Kanada ce. Haruffan MECo na nufin kamfanin Mills Equipment, kuma galibi shekarar ƙira na kusa da su. Samfurin 1937 ruwan ƙasa ne mai ƙarafan tagulla, na 1944 kuwa kore ne mara nauyi, don yaƙin daji.

Matsalar ita ce tawadar kan dusashe. A nan waya ke shigowa: a haska tocila daga gefe, a ɗauki hoto kusa-kusa, a mai da shi baƙi da fari, sannan a ƙara kaifin launi. Sau da yawa haruffan kan fito.

Masu tara kayan tarihi na gargaɗin kada a wanke jakar. Sabulu na iya goge tambarin, kuma da zarar ya tafi, bambanta ta asali da jabu sai ƙwararre.